Agogo Da Yen Miliyan Ɗaya: Ina Kyautar Mai Labari?

Yau ba zancen jarumai ba ne, ba kuma na wadda ta yi aure ko wadda aurenta ya mutu ba. Zancen mutumin nan ne da sunansa ke wucewa fiu a farkon fim, daidai lokacin da kake gyara zama, wato mai labari.

Masu bin finafinan Indiya sun san Jaane Jaan, wanda Kareena Kapoor ta fito a ciki a 2023. Matar da ta kashe mugun mijinta, maƙwabcinta malamin lissafi ya ɓoye mata asiri, ɗan sanda kuma ya sa su a gaba. To labarin nan ba na Indiya ba ne. Littafi ne na wani marubucin ƙasar Japan, Keigo Higashino, wanda ya ci masa kyautar Naoki a 2006. Japanawa sun mai da shi fim a 2008, sannan Indiyawa suka yi nasu da izini. Da izini fa na ce, ba irin wankiyar da muka saba gani a industirinmu ba!

Ita wannan kyauta ta Naoki, wani marubuci kuma mai mujalla, Kikuchi Kan, shi ya kafa ta a 1935 don tunawa da abokinsa Naoki Sanjugo da ya rasu a 1934. Tare ya kafa ta da wata mai suna Akutagawa. Akutagawa ta masu rubutu mai zurfi ce, irin wanda malaman jami'a ke so. Naoki kuwa ta masu labarin jama'a ce: na 'yan sanda da ɓarayi, na tarihi, na soyayya, labarin da za ka fara bayan isha'i ka kasa ajewa sai asalatu. Sau biyu ake bayarwa a shekara, a ba ka agogo da yen miliyan ɗaya. Amma kuɗin ba su ne abin dubawa ba. Da an faɗi sunanka, masu sai da littattafai sun jera naka a gaba, furodusoshi kuma sun fara neman gidanku.

Kada wani ya ce mu ba mu san gasa ba. Ai da gasa ma ƙagaggen labarin boko na Hausa ya soma. A 1933, tun kafin a kafa ta Naoki, Rupert East na Hukumar Fassara ya nemi malamai su rubuto labarai. Daga nan muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Shaihu Umar ɗin nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Sai gasar kamfanin NNPC na Zariya, wadda littattafanta suka fito a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta. Mutanen Dambatta, kun ji sunan garinku ko? A 2007 aka soma kyautar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye, inda 'Yartsana na Ibrahim Sheme ya zo na ɗaya. A 2016 kuma BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, Aisha Muhammad Sabitu ta lashe da Sansani.

Duk da kyau. Amma ku duba tazarar da ke tsakani, 1933 ina, 1980 ina? Mu gasarmu kamar ruwan bazara take, a yi yayyafi sau ɗaya, manomi ya yi shuka, sai kuma shiru. Ta Japanawa kuwa ta shekara casa'in, in ka ɗauke 'yan shekarun da yaƙin duniya ya tsai da ita.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, littattafan da jama'a suka fi karantawa su aka fi rainawa. Aka raɗa masu suna Adabin Kasuwar Kano, har aka cinna wa wasu wuta a Kano a 2007. Alhali su suka goya fim ɗin nan da muke taƙama da shi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama kaset. Haka Tsuntsu Mai Wayo na Bala Anas Babinlata, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, haka Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Eh, akwai shirme a cikin littattafan kasuwa, ban musa ba. To ai amfanin alƙalan gasa kenan, su tsince tsakuwa daga shinkafa.

Kuma su wa suka riƙe littattafan nan? Ba 'yan birni kaɗai ba. Ku shiga ƙauyukan Bichi da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa, inda gona ke jingine da gona. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, amarya ta ba 'yar kishiya, ita kuma ta ba ƙawarta, har bango ya cire a ɗinke da zare. Wadda ba ta iya boko ba a karanta mata bayan an gama sussuka. Yau waya ta maye gurbin mai hayar littafi, 'yan matan nan su da kansu suke rubutu a WhatsApp, shafi bayan shafi. Sai ka ji an karanta labarin yarinya a YouTube an ci kuɗi, ita ko katin waya ba ta gani ba.

Don haka ga ƙoƙon barata ga MOPPAN da ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano da manyan furodusoshi. A ware kyauta ɗaya duk shekara ta littafin Hausa mai jan hankali, maza da mata, na takarda da na waya. A sa alƙalai marubuta waɗanda ba su da ɗan takara a ciki, a faɗi sunayensu kowa ya ji. Wanda ya ci, a sayi labarinsa da yarjejeniya a rubuce, a yi fim, a sa sunansa a fasta da manyan baƙaƙe kusa da na jarumi. Sannan a riƙa kai bikin Dambatta ko Bichi wata shekarar, ba kullum otal a Nasarawa ba.

Ku kuma masu karatu, ku aiko mana da sunan littafin da kuke ganin ya cancanta, da dalilinku. Banda wanda yayarku ta rubuta!

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.