Kafin a ce maka "a sauke inji", duba waɗannan abubuwa tukuna

Yau maganarmu a kan tsofaffin motocin shiga daji ce, irin su Hilux da Land Cruiser, waɗanda ake ɗibar taki da su da damina, a kwaso masara da dawa da waken suya da kaka. Idan kana da irinta a Matazu ko Musawa, ko kana jigila zuwa Malumfashi da Funtua, ka san wannan ciwon: mota ta fara kakkarwa, ta riƙa fizga, kana ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu.

Ra'ayina a nan shi ne, yawancin kuɗin da muke kashewa a kan wannan matsala kuɗin canki-canka ne. A canja fulogi, ba ta daina ba. A canja famfon mai, ba ta daina ba. Daga nan sai ka ji an ce inji ya gaji, a sauke shi, a tafi Ƙofar Ruwa a Kano neman kaya. Alhali sau da yawa abin da ke damun motar bai kai kuɗin buhun masara ɗaya ba.

Injin fetur abu uku yake nema: mai, iska da wuta, kowanne a daidai lokacinsa kuma daidai gwargwado. Awon da ya fi so shi ne iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1. Da awon nan ya karkace, ko wuta ta yi rauni, sai kakkarwa. Don haka bincike ya kamata ya bi ukun nan ɗaya bayan ɗaya, daga mai araha zuwa mai tsada.

Fara da lura da lokacin da take mutuwa, domin rabin amsar yana nan. Idan a tsaye take kakkarwa amma tana daidaita in ka taka totur, ka zargi iskar da ke satar shiga ko dattin hanyar sulo. Idan a kan hawa ko da kaya take shaƙewa, mai ne ba ya isa. Idan kuma sai ta yi zafi take mutuwa, ta huce ta tashi lafiya lau, ka zargi koyil.

Na farko, man da ke cikin tanki. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da yawanmu lita kaɗan muke zubawa, mota kullum a gindin tanki take tafiya, inda tsatsa da ruwa suke kwanciya. Ga kuma man jarka na 'yan bumburutu, wanda a ƙauye wani lokaci ba ka da zaɓi sai shi. Kar ka ɗauka man gidan mai ba ya ɓaci: a farkon 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai yawan sinadarin methanol, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. Gwajin mai sauƙi ne. Ka tsiyayi man a farar kwalba ka ajiye na ɗan lokaci. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka. Ban da zuƙa da baki, ban da taba sigari a wurin.

Na biyu, filtar mai da murfin tanki. Filta in ta toshe, mota za ta yi sulo ƙalau amma ta kasa jan kaya. Murfin tanki kuwa yana da hanyar shaƙar iska. In ta toshe, mota za ta yi tafiya ta mutu, ka buɗe murfin ka ji ya ja iska da ƙarfi, ka tayar ta tashi. Wannan kaɗai ya sa an sayi famfon mai ba gaira ba dalili.

Na uku, iska. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona tana cika filtar iska cikin ɗan lokaci, sai baƙin hayaƙi da shan mai. Ka cire ta ka ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Amma don Allah kar ka yarda a cire ta gaba ɗaya wai don mota ta sha iska. Yashin da zai shiga shi zai cinye ringi da silinda, a nan ne za a sauke injin da gaske. Sannan ka bi ƙananan tiyo na roba da ke kewaye da kafireta, ka kasa kunne. Zafi yana busar da su su tsage, za ka ji ƙarar zuƙar iska siririya.

Na huɗu, wuta. Ka kwance fulogi ka karanta launinsu. Ruwan ƙasa mai haske lafiya ne. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawa. Ka buɗe murfin dilko ka duba tsagewa ko laima, musamman in ka ratsa rafi da damina. In an cire wayoyin fulogi, a tabbata an mayar da su daidai. A injin 22R da sauran masu silinda huɗu na Toyota jerin shi ne 1-3-4-2. Kar ka manta da kan batir da wayar da ke haɗa inji da jikin mota, gargadar hanya tana sassauta su.

Idan motarka mai injekta ce, tana iya faɗa maka ciwonta da kanta. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996 suna da soket na OBD2 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai ƙaramar na'ura da ake soka masa, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. P0300 na nufin wuta tana tsallake, P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. Tsofaffin Toyota da suka riga wannan tsari kuwa, ana haɗa TE1 da E1 a ƙaramin akwatin da ke gefen inji, a murɗa makulli, a ƙirga ƙyaftawar fitilar inji. Sai dai lambar tana nuna maka unguwa ce kawai, gidan kai za ka nema.

Masu injin gas irin 5L da 1HZ, ku babu fulogin wuta a lissafinku. Maƙiyanku biyu ne, ruwa da iska a layin mai. A ƙasan filta akwai wurin tsiyaye ruwa, a samanta akwai famfon hannu. Ka danna har ya yi tauri. In da safe ya sake laushi, iska na shiga ta wani wuri. A gama da wannan kafin a taɓa nozul ko babban famfo.

Wani zai ce bakanike ya fi ni sani. Gaskiya ne, kuma akwai ranar da inji ke gajiya da gaske: shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, ruwan lagireto yana raguwa ba tare da yoyo ba. Amma ko a nan akwai abin awon matsin silinda. Ka ce masa, "Malam, a auna mu gani tukuna." Bakaniken kirki ba zai ji haushi ba. Kuma a riƙa canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ko ta gyaru ba za ka san me ya gyara ta ba.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan, kowa ya san halin tsaro a yankinmu. Mota ta mutu maka a hanyar daji bayan la'asar da kaya da mutane a baya, ba maganar kuɗi ba ce kaɗai. Motar da ta fara fizga yau gargaɗi take yi maka. Ka duba ta a gida da safe, ka ajiye filtar mai ɗaya da fulogi da sifana a cikinta kafin kakar bana ta kankama.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a abin da muka noma.