Waya a bakin magidanci

Bahaushe bai taɓa ɗaukar haƙori a matsayin abin tauna kaɗai ba. Iyayenmu mata sun ci fure da goro har haƙoransu suka rine, ana kuma yaba musu. Alhazai na dawowa daga Saudiyya da haƙorin Makka yana walƙiya, ba wanda ya taɓa ce musu sun yi yarinta, shi ne ma shaidar an sauke farali. Mai wushirya kuwa har gobe kyakkyawa ce a wurinmu, alhali a wasu ƙasashen kuɗi ake kashewa a rufe wannan 'yar ƙofa. To me ya sa idan babba ya je asibiti aka ɗaura masa waya don a daidaita haƙoransa da suka hau juna, sai majalisa ta ɗauka?

Abin da ya jawo maganar shi ne wani malamin makaranta ɗan Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe, magidanci mai iyali. Haƙoransa na sama sun yi gaba har leɓe ba ya iya rufe su, na ƙasa kuma sun cunkushe, asuwaki ba ya shiga tsakaninsu. Tun yana yaro aka laƙaba masa suna saboda bakin, sunan ya bi shi har aji, inda yake koyarwa hannunsa na kai-komo a gaban baki. Da ya tara abin da ya tara ya je Sakkwato aka sa masa wayar, ranar da ya dawo wani abokin wasansa ya tare shi a ƙofar masallaci: "Malam, mi kaka biɗa da ƙarhe ga baki? Amarya zaka ƙarawa? Wanga ai aikin yara na." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi tasa, wannan karon bai sa hannu ya rufe ba.

Ni dai ina tare da malam. Masu dariyar kuma na san inda suka jingina: wasu na ganin haramun ne, wasu na ganin lokaci ya wuce, haƙorin babba ya riga ya kafu.

Masu cewa haramun ne suna kawo hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya tsine wa matan da ke goge haƙoransu don su ƙirƙiri tazara saboda ado. Hadisi ne ingantacce, ba mai ja da shi. Sai dai malamai sun daɗe da rabe ƙarin ado da kawar da aibi. Sahabi Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari. A kan irin wannan ne malamai kamar Shaihu Ibn Usaimin suka halatta daidaita haƙoran da suka fito ba bisa tsari ba. Abin dariyar ma, wanda hadisin ya fi kusa da shi shi ne mai zuwa a sassaƙa masa wushiryar ƙarya, shi kuwa ba kasafai majalisa ke tanka masa ba.

Batun shekaru kuma, haƙori ba a dashe yake cikin ƙashi kamar ƙusa ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai siraran zaruruwa da ke riƙe da shi. Idan aka matsa shi a hankali ba ƙaƙƙautawa, jiki da kansa yana narkar da ƙashin da ke gabansa, yana gina sabo a bayansa, haƙorin ya riƙa matsawa abin da bai wuce milimita guda a wata ba. Wannan aiki jiki ba ya daina shi don mutum ya kai arba'in. Bambancin kawai, ƙashin babba ya fi tauri, kuma muƙamuƙinsa ya gama girma, don haka aikin yakan fi ɗaukar lokaci, wani zubin sai an cire haƙori ɗaya ko biyu a samar da wuri. Sana'ar ma ba ta jiya ba ce. Pierre Fauchard na Faransa ya yi bayanin ƙarfen jera haƙora a littafinsa na 1728, Edward Angle na Amurka kuma ya fitar da rabe-raben karkatar haƙora a 1899, rabon da likitoci ke aiki da shi har yau.

Da zan zauna da malam kafin ya tafi, kuɗin mota zan fara tambayarsa. Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu dariya ba su duba ba.

Waya ba allura ba ce da za a yi maka sau ɗaya ka kama gabanka. Ana manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, a zura waya ta bi ta cikinsu, sannan duk bayan mako huɗu zuwa takwas sai ka koma likita ya ƙara ɗaure ta ko ya canza. Haka za a yi ta yi shekara ɗaya da rabi, biyu, wani har uku. In an cire kuma akwai wata roba ko siririyar waya da za ka ci gaba da sawa, musamman da dare, in ka yi sakaci haƙoran su fara komawa gidan jiya. Mutumin Fakku sai ya fito ya kamo babban titi, daga Tambuwal zuwa Sakkwato kaɗai kusan kilomita 100 ne, a yankin da matsalar 'yan bindiga ta sa kowa ke lissafin lokacin fita da na dawowa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ake shawara da iyali kafin a kashe. Aikin kansa dubban ɗaruruwan naira ne, a wasu asibitocin kuɗi ya haura miliyan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024. Ƙwararrun wannan fanni kuwa 'yan kaɗan ne, yawancinsu a manyan biranen kudu suke, a arewa sai ka doshi asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Aminu Kano.

Wanda ya fara ya yanke zuwa a tsakiya ya fi wanda bai fara ba asara. Ƙarfen na tara guntun abinci, in ba a wanke baki da buroshi bayan kowane ci ba sai a wayi gari da fararen tabo da ruɓa a jikin haƙoran. Goro, rake, ƙashin kaza da ƙamzo sai dai kallo, don suna ɓalle ƙarafan. Wannan kaɗai ya isa ya gwada niyyar Basakkwace.

Tsadar nan ce ta buɗe ƙofar wata ɓarna. Yanzu ana tallar wayar kwalliya a Instagram da TikTok, mai launi-launi, wasu a shagon gyaran gashi ake manna musu, ba hoton ƙashi, ba duba dasashi, ba wanda ya san da wane irin gam aka liƙa. 'Yan mata na sawa don a ce 'yar gidan masu hali ce. Wayar da ke matsa haƙori ba tare da lissafi ba tana iya kashe saiwarsa ko ta girgiɗe shi har ya faɗi. Hukumomin Tailan sun haramta sayar da irinta saboda illar da ta yi wa matasa. Duk wanda ya ce zai sa maka waya bai fara duba dasashinka ba, ka ɗauki hularka. Yawancin manyanmu na fama da ciwon dasashi ba su sani ba, jinin da suke gani a jikin asuwaki sun ɗauke shi ba komai ba, kuma jan haƙori a kan dasashi mai ciwo hanyar giɓi ce.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: a jihar da cutar noma ke cinye fuskar yara, wa ke da lokacin zancen jera haƙora? Tambayar na da nauyi. A Sakkwato ne ake da asibitin yara masu noma, wanda aka buɗe a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma Najeriya ce ta jagoranci kiran da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023. Tana kama ƙananan yara masu tamowa, in ba a yi magani ba mafi yawansu ba sa rayuwa. Amma daga ina take farawa? Daga kumburin dasashi, wanda in an gani da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsaftar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. Likitan da zai leƙa bakin yaron nan ya gane kumburin, shi ne dai zai wanke wa malam haƙora, ya datse wayar da ke sukar kumatunsa ba sai ya kwana a hanya ba. Kujera ɗaya ce suke buƙata su biyun.

Don haka roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato da masu wakiltar Kebbe da Tambuwal a majalisa bai taka kara ya karya ba. A tabbatar akwai likitan haƙori mai zama, da kujera mai aiki da na'urar ɗaukar hoto, a babban asibitin Tambuwal da na Kebbe. A yi yarjejeniya da asibitin koyarwa ƙwararren jera haƙora ya riƙa zuwa rana ɗaya a wata, tun da dama wata-wata ake duba wayar. Ma'aikatan ƙananan asibitocin Fakku, Kuchi, Sangi da Girkau kuma a koya musu buɗe bakin duk yaron da aka kawo awo ko rigakafi, su duba dasashinsa kafin uwar ta goya shi.