Ina Za Mu Kai Mai Jinya Bayan An Sallame Shi?

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, unguwannin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa, watau Fagge da Sabon Gari, suka cika da fatake da ma'aikata waɗanda danginsu ke nesa. Irin wannan zama yana da wata wahala da ba a ganinta sai ranar da ciwo ya sauka. Dattijo ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa ya karye a ƙugu. An yi masa magani a Asibitin Murtala ko Asibitin Ƙashi na Dala, likita ya ce a tafi gida. To, ɗa yana kanti tun safe, 'ya tana ofis, wa zai juya shi, wa zai tashe shi?

A kan haka ne wasu ke neman gidan jinya na kuɗi, wasu kuwa suna ganin yin haka saɓa wa iyaye ne. Mu dai a namu ganin, saɓawar ita ce a bar tsoho a ɗaki shi kaɗai har bayansa ya yi gyambo. Bayan yaƙin Handaƙ, a shekara ta 5 bayan Hijira, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sa aka kwantar da shi a hemar Rufaida, wadda ta san jinyar masu rauni, a cikin masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Abu biyu ke nan: an kai shi hannun wadda ta iya, kuma ba a nisanta shi ba.

Sai mu fara da iyawa. Kada fenti da fanka su ruɗe mu. Mu tambaya ko wurin yana da rajista da hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu ta Jihar Kano, watau PHIMA, mu ga takardar da idonmu. Mu tambayi nas nawa ne ke kwana, domin da rana kowa na nan, da dare ne ake sanin gaskiya. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi kamar kowace awa 2, in ba haka ba fata ta mutu a ƙugu da diddige, kuma gyambon kwanciya ya fi saurin zuwa da tafiya. Mu ɗaga zanen gado, mu shiga banɗaki, mu zo ba tare da sanarwa ba.

Sa'an nan batun gashin ƙashi, wanda mutanenmu suka fi rainawa. Mai shanyewar ɓarin jiki ya fi samun sauƙi a cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, saboda haka duk makon da aka ɓata ana cewa sai ya ƙara ƙarfi, hasara ce. Asibitin Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna da sashen wannan aiki. In gidan jinya ya ce yana yi, a tambaya: ƙwararre ne mai lasisi, kuma sau nawa yake zuwa a mako? Tausa da man zafi daban, koya wa ƙafa tafiya daban.

Kusanci kuwa, ɗan kasuwar Kantin Kwari ya auna da ƙafarsa: zai iya leƙawa bayan La'asar kullum? In ba zai iya ba, wurin ya yi nisa ko da kyansa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar kuɗi. Wa zai yi wa mahaifiyarmu tsarki, mace ko namiji? Za a taimaka mata da alwala, ko a kawo mata dutsen taimama in ruwa zai cuce ta? Za a juya ta ta fuskanci alƙibla in hali ya yi? Rashin lafiya yana sauƙaƙa salla, a yi ta a zaune ko a kwance, amma ba ya ɗauke ta muddin hankali na nan. Mu yi waɗannan tambayoyi a gaban shugaban wurin tun kafin mu biya kuɗin wata, a kuma rubuta mana dalla-dalla abin da kuɗin ya ƙunsa, har da magani, abinci da motar komawa ganin likita.