Matasanmu na Legas, kada kunya ta raba ku da ikkilisiya



Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 na Legas a watan Yunin 2022, har da Ikeja da Apapa, mun lura da wani abu. Da zarar matashi ya rasa abin yi, sai ya daina zuwa sujada, wai ba shi da kuɗin mota ko na baiko. Labarin da za mu ji daga baya shi ne ya ci bashi ta waya ya zuba a cacar ƙwallo, masu bashin suna ta kiran iyayensa a gida.

'Ya'yanmu, mu ma mun kwana a shago a garin nan. Rashin aiki ba zunubi ba ne. Ɓuya ce ke kai mutum ga halaka.

Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 18. Dokar sarki ce ta kori Akila da Biriskila daga Roma. A Koranti, Bulus ya zauna a gidansu, suka yi sana'ar ɗinkin tanti tare. Zumunci ne ya riƙe su.

Ranar Lahadi ku zo, ko da hannu wofi. Bayan an tashi, ku sami dattijo ɗaya ku faɗa masa gaskiya. A cikinmu akwai magina da teloli da direbobi masu neman yara. Ba a san maras lafiya ba sai ya yi nishi.

Ubangiji ya kiyaye mu. Amin.