Gabi: jini ba ya jiran taron bita na Yamai

Tun wajejen 2019 ƙauyukan Gabi, cikin gundumar Madarunfa, suka sha farmakin ƴan bindiga masu ƙetaro iyakar Nijeriya. Wanda harsashi ya sama da tsakar dare a gefen dajin Baban Rafi, kafin ya ga likitan fiɗa a Maraɗi sai ya bi ta hannun ma'aikacin jinya na asibitin karkara. A wannan ɗakin ake sanin ko zai kai safe.

Ceton mai zubar jini ya fi ƙarfin hannu biyu. Wani ya danne rauni ya ɗaure, wani ya buɗe hanyar numfashi, wani ya nemi jijiya ya sa ruwa, wani kuma ya kira asibitin Madarunfa ya tayar da direban motar marasa lafiya. Mutum guda ke ba da umarni da babbar murya, wanda aka umarta ya maimaita don a tabbata ya ji. Ba a koyon wannan a kan allo. Sai an yi ta gwaji tare, a ɗakin da za a yi aikin, da kayan da ke akwai, har kowa ya san wurin tsayuwarsa ko da hasken tocila ne.

Ilimin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj suka fitar da kwas na agajin gaggawa domin wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci. Tun 2010 binciken CRASH-2 ya nuna cewa allurar tiraneksamik, mai rahusa, tana rage mutuwa daga zubar jini, daga bisani aka gane dole a yi ta cikin awa uku.

To, me ya hana? Al'adar taron bita! A kira shugaban asibiti shi kaɗai zuwa otal, a ci, a sha, a raba kuɗin zama, ya komo da takardar shaida ya rataya a bango. Ungozoma, direba da mai gadi, waɗanda za su kama masa aiki ranar da aka kawo mutum uku jina-jina a kan amalanke, ba wanda ya tuna da su.

Ma'aikatar kiwon lafiya ta tura masu horarwa Gabi, su kwana can, su horar da ma'aikatan gaba ɗaya, su komo bayan wata shida su ga abin da ya zauna. Kuɗin hayar zauren otal na kwana uku ya isa man motarsu.