Kafin ka sayi tokumbo, ja robar ƙofa

1/ Jama'a, duk mai shirin sayen tokumbo ya tsaya ya karanta. Kana kallon fenti da AC, amma abin da zai tsare ranka yana ƙarƙashin robar ƙofa.

2/ Ja robar. Za ka ga ƙananan ramuka zagaye, a jere, tazararsu kusan ɗaya. Ɗigon walda ke nan na kamfani. Bodin mota ɗaya yana da dubbansu.

3/ Yadda ake yi: sanduna biyu na jan ƙarfe su matse falankin ƙarfe biyu, a saki wutar lantarki mai dubban amfiya, ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tsakiyar ta narke, ta huce, su zama abu ɗaya. Ba a ƙara wani ƙarfe.

4/ Injiniyoyi sun lissafa wurin kowane ɗigo, don in an yi karo gaba ya lanƙwashe ya shanye bugun, inda mutane ke zaune ya tsaya.

5/ To motar da ta yi hatsari a Amurka, aka yanka aka haɗa da waldar gas fa? Wutar tana raunana ƙarfe mai ƙarfi. Fenti zai rufe aikin, amma ranar karo ba ruwan ƙarfe da fenti.

6/ Ba na zargin fanal bita, da kayan da yake da su yake aiki. Dillalin da ya ɓoye maka shi ne mai laifi.

7/ In ka ga ɗigon ya ɓace, ko an shafe wurin, wallahi ka haƙura. Allah Ya tsare.