Matan Fada Ba Ta Kwana Huɗu Ba Ce

Duk lokacin da aka tada zancen yawon buɗe ido a Jihar Kebbi, sai wani ya kawo magangarar ruwan Biktoriya, ya rufe bakin kowa da cewa Allah bai ba mu irinta ba. Ni kam ban karɓi wannan uzuri ba.

Ba na musun girmanta. A can Kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabwe, ruwa na faɗowa daga tsayin da ya haura mita 100, faɗinsa kuwa ya zarce mita 1,700. Amma kallon ruwa aikin wuni guda ne. Abin da ke tsayar da baƙo a garin Livingstone shi ne abin da mutanen wurin suka tanada: yawo a jirgin ruwa da maraice, ratsa gadar da aka gina a 1905, ziyarar gandun daji da gidan tarihi. Ana yin waɗannan rani da damina, kuma da su direba da mai abinci ke ciyar da iyali.

Mu fa? Tun 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, muke da bikin kamun kifi, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016. Muna da kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwa. Muna da Gidan Tarihin Kanta, ga hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu. Duk da haka mun ɗaure wannan arziki a kwana huɗu na shekara, har bikin ya yi kusan shekara goma a kwance kafin ya farfaɗo a 2020.

Za a ce hana su a Matan Fada ne ke sa giwan ruwa ya girma. Haka ne, kuma ban nemi a ɗage dokar Sarkin Ruwa ba. Amma shiga kwale-kwale ba ya kashe kifi, haka ma koya wa baƙo hawan gora.

Matashin Bakaben da gwanintarsa ba ta kawo masa ko sisi sai ranar biki, Birnin Kebbi zai nufa neman acaba, ya tafi da ilmin da ya gada. Hukumomin jiha da masarauta su buɗe kogin ga baƙi kowane mako, tun masu koyarwar suna raye.